Ayyukan Yau da Kullum da Hanyar Yanke Shawara a Ƙaramar Hukuma: Misali daga Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ƙaramar hukuma a ƙaramin birni na ƙasar Hausa ke gudanar da ayyukanta na yau da kullum, da kuma hanyar da shawara ke bi kafin ta zama aiki. An ɗauki Daura ta Jihar Katsina a matsayin madubi. An waiwayi tsarin En'e da gyaran 1976, an fayyace ayyukan da Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi, sannan aka bi sawun buƙata guda ta gina kwalbati tun daga ƙofar mai unguwa har zuwa biyan ɗan kwangila. Bayanin ya nuna cewa zauren kansiloli, wanda jama'a suka zaɓa, shi ne mafi ƙarancin tasiri a tafiyar, domin kuɗin yana biyowa ta babban birnin jiha, takardun kuma ana rubuta su da harshen da yawancin masu buƙatar ba sa karantawa.

Fitilun Kalmomi: ƙaramar hukuma, En'e, kansila, asusun haɗin gwiwa, harshen mulki

1.0 Gabatarwa

Mutumin ƙaramin birni yakan yi shekara da shekaru bai taka ofishin wata ma'aikatar tarayya ba, amma da wuya ya yi wata guda bai ci karo da ƙaramar hukuma ba. Ita ke karɓar kuɗin rumfarsa a kasuwa, ita ke da alhakin maƙabartar da zai kai mamacinsa, kuma ita ce za ta ba ɗansa takardar shaidar zama ɗan asalin gari ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin soja. Duk da wannan kusanci, kaɗan ne daga cikin jama'a suka san yadda ake yanke shawara a cikin sakatariya. Abin da aka fi ji shi ne "ciyaman ya yi" ko "ciyaman ya ƙi", tamkar dai mutum ɗaya ne ke ɗaurewa yana kwancewa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta warware wannan dunƙulallen zance. An zaɓi Daura saboda ta haɗa abubuwa uku da ake samu a ƙananan biranen ƙasar Hausa irin su Gumel da Kazaure: tsohuwar masarauta, zaɓaɓɓiyar majalisa, da babban birnin jiha da ke can nesa amma hannunsa na cikin kowace harka. Tsarin da za a bayyana na doka ne da na al'adar aiki, kuma ya shafi ƙananan hukumomin Arewa gaba ɗaya, ko da yake kowace jiha tana da tata dokar da ke bambanta wasu sassa.

2.0 Daga En'e zuwa Ƙaramar Hukuma

A zamanin Turawa da farkon 'yancin kai, mulkin gari yana hannun En'e ne, wato hukumar gargajiya da Sarki ke shugabanta. En'e tana da baitulmalinta ƙarƙashin Ma'aji, tana da 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai, tana kuma tara haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai. Ƙarfinta ya kai matsayin da a 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Arewa yana neman a yi mata gyara, a ba talaka damar faɗin albarkacin bakinsa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannunta.

Babban sauyin ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin tarayya ta shimfiɗa tsari iri ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, ta mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati. An tsara cewa kowace ɗaya ta ƙunshi mutane tsakanin 150,000 da 800,000, aka kuma mayar da sarakuna majalisun masarautu masu ba da shawara. Daga 301 da aka samu a wancan gyara, yawan ƙananan hukumomi ya yi ta ƙaruwa har ya kai 774 a 1996, adadin da ke cikin Kundin Tsarin Mulkin 1999. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, tana da 34 daga ciki. Ƙasar Daura da a da En'e ɗaya ke riƙe da ita yanzu ƙananan hukumomi biyar ne: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga fahimtar yau. Haraji da jangali, waɗanda su ne jigon baitulmalin En'e, gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke su bayan hawansu mulki a 1979, kuma a lokacin Daura tana cikin Jihar Kaduna. Talaka ya samu sauƙi ƙwarai, sai dai daga nan hukumar gari ta ƙara karkata ga kuɗin da ake aiko mata daga sama. Hukumar da a da take zuwa ƙofar mutum neman kuɗi, yanzu ido take zubawa hanyar Abuja da ta babban birnin jiha.

3.0 Ayyukan da Doka ta Ɗora Mata

Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da samuwar zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya lissafa ayyukansu. Ana iya kasa su gida biyu. Kashi na farko ayyukan da ke wuyanta ita kaɗai ne, waɗanda suka haɗa da kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su, kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu, gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, sanya fitilun titi, kwashe shara, raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba, ba da lasisin kekuna da amalanke da baro, da sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Kashi na biyu ayyukan da take tarayya da gwamnatin jiha ne, wato ilimin firamare da na manya da na sana'a, bunƙasa aikin gona, da kiwon lafiya.

Wanda ya dubi wannan jeri zai ga babu wani abin a zo a gani a cikinsa, amma su ne ayyukan da rashinsu ke saurin bayyana. Idan lambatu ya toshe, damina ɗaya ta isa ta rusa katangun unguwa. Idan babu ruwa a mayanka, naman da gari ke ci ne ke gurɓata.

Ya kamata a lura cewa wasu ayyukan suna kan takarda ne kawai a matsayin nata. Jadawalin ya ba ta rajistar haihuwa da mutuwa, amma dokar tarayya ta 1992 ta ɗora wannan aiki a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ke ajiye ma'aikatanta a asibitoci da sakatariyoyi. Haka kuma makarantun firamare suna ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, ta hannun Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, alhali albashin malaman daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi.

4.0 Masu Riƙe da Ragama

Tun daga 1991 aka raba ƙaramar hukuma gida biyu, kwatankwacin tsarin shugaban ƙasa. Ɓangaren zartarwa ya ƙunshi Shugaba, wanda jama'a ke kira ciyaman, da mataimakinsa, da Sakatare, da kansiloli masu gafaka. Su waɗannan masu gafaka naɗa su ake yi, kowanne ya sa ido a kan sashe guda kamar lafiya ko ayyuka ko aikin gona. Ɓangaren dokoki kuwa shi ne majalisar zaɓaɓɓun kansiloli, kowace mazaɓa da kansila ɗaya, su kuma su zaɓi shugaban majalisa a tsakaninsu. Aikinsu shi ne yin dokokin cikin gida, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda aka kashe shi.

Ƙarƙashin 'yan siyasa akwai ma'aikatan dindindin, kuma su ne ke riƙe da fayil. Manyansu su ne Daraktan Mulki da Ma'aji da shugabannin sassan ayyuka, lafiya matakin farko, aikin gona, da ilimi da walwalar jama'a. Abin lura a nan shi ne duk ma'aikacin da ya kai mataki na 7 zuwa sama, Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta Jiha ce ke ɗaukarsa, ita ke yi masa ƙarin girma, ita kuma ke sauya masa wurin aiki. Ƙananan ma'aikata na mataki na 1 zuwa na 6 ne kawai ke hannun ƙaramar hukumar kanta. Ke nan Ma'ajin da ke sa hannu a takardar biyan kuɗi a Daura ya san cewa makomar aikinsa tana Katsina.

Akwai kuma rukuni na uku wanda kundin tsarin mulki bai ba shi gurbi ba, amma aiki ba ya tafiya sai da shi, wato masu sarautar gargajiya. Mai neman takardar shaidar asali yakan fara ne daga mai unguwa, ya wuce wurin dagaci da hakimi, kafin sakatariya ta buga hatimi. Allurar rigakafi da sasanta rikicin gona da tantance baƙo duk ta hannunsu suke bi.

5.0 Tafiyar Buƙata Guda

Domin a ga yadda waɗannan rukunoni ke haɗuwa, bari a ƙaddara cewa ruwan sama ya cinye wata hanya a wata unguwa, mazauna suna son a gina musu kwalbati. Wannan misali ne na ƙaddarawa, an kawo shi don a nuna matakan da ƙa'ida ta shimfiɗa.

Mataki na farko shi ne kai kuka. Dattawan unguwa sukan taru a ƙofar mai unguwa, a sa wani mai ilimin boko ya rubuta takarda zuwa ga Shugaba, a kuma damƙa wa kansilan mazaɓa kwafi. Kansila zai iya tayar da maganar a zaman majalisa, majalisa ta zartar da ƙuduri. Sai dai ƙudurin majalisa kira ne ga ɓangaren zartarwa, ba ya fitar da ko kwabo daga asusu.

Mataki na biyu shi ne buɗe fayil. Shugaba zai yi ɗan rubutu a gefen takardar ya tura ta Sashen Ayyuka. Injiniya ko mai duba aiki zai je ya auna wurin, ya ƙiyasta siminti da rodi da tsakuwa da ladan ma'aikata, ya mayar da fayil da lissafin abin da aikin zai ci.

Mataki na uku shi ne tambayar ko aikin na cikin kasafin kuɗin shekarar. Shekarar kuɗi tana farawa ne daga Janairu zuwa Disamba, kuma tun kafin ƙarshen shekarar da ta gabata sassa ke miƙa ƙiyasinsu, ɓangaren zartarwa ya tace, Shugaba ya gabatar wa kansiloli. Matsalar kwalbati ita ce da damina take bayyana, a watan Yuli ko Agusta, lokacin da kasafi ya riga ya yi nisa. Idan ba a ware wa magudanan ruwa wani kaso tun farko ba, sai dai a nemi ƙarin kasafi ko a jira baɗi.

Mataki na huɗu shi ne zaman Kwamitin Kuɗi da Al'amuran Gama-gari, wanda Shugaba ke jagoranta tare da masu gafaka, manyan ma'aikata kuma na halarta don ba da bayani. A nan ne ainihin zaɓi ke faruwa. A kan tebur ɗaya za a tarar da fayil ɗin kwalbati, da na katangar maƙabarta, da na gyaran rijiyar burtsatse, da na rufin ɗakin shan magani da iska ta yaye, alhali kuɗin da ke hannu bai fi na biyu daga ciki ba. Abin da ke rinjayar zaɓin ya haɗa da girman haɗarin, da yawan mutanen da abin ya shafa, da kuma, a gaskiya, nauyin wanda ke bin fayil ɗin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lallai ne mai ɗakin ya samu kujera a wannan zama ba, domin zaman ba na bainar jama'a ba ne.

Mataki na biyar shi ne neman izini daga sama. A jihohi da dama, duk aikin da kuɗinsa ya haura wani adadi sai an tura shi Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi ta jiha ta amince. Daga nan sai a ba da kwangila, ko kuma sashen ayyuka ya yi aikin da ma'aikatansa idan ƙarami ne.

Mataki na ƙarshe shi ne biya. Injiniya zai ba da shaidar kammala aiki, a rubuta bauca, mai binciken kuɗi na cikin gida ya duba. Littafin ƙa'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi ya ɗora wa Shugaba alhakin duk abin da aka kashe, amma ya bar sa hannu a takardar banki ga manyan ma'aikata, musamman Ma'aji da Daraktan Mulki. Hikimar wannan rabo ita ce kada mai ba da umarni ya zama shi ne mai fitar da kuɗi. Bayan shekara ta ƙare, Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi na jiha zai bi littattafan.

Idan aka ƙirga, cikin matakai shida ɗin nan zaɓaɓɓen kansila ya bayyana ne sau biyu kacal: ranar kai kuka da ranar amincewa da kasafi.

6.0 Kuɗi da Ikon Yanke Shawara

Dukkan matakan da aka zayyana sun dogara ne da samuwar kuɗi. Ƙaramar hukuma tana da hanyoyi uku. Ta farko ita ce kason tarayya: ƙananan hukumomi 774 suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na Asusun Tarayya, jihohi na da kashi 26.72, gwamnatin tarayya na da 52.68. Ta biyu ita ce kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar da jiha ta tara a cikin gida, wanda doka ta ce ta ba ƙananan hukumominta. Ta uku ita ce abin da ta tara da kanta daga rumfunan kasuwa da tasha da mayanka da allunan talla, kamar yadda dokar haraji ta 1998 ta lissafa. A ƙaramin birni wannan hanya ta uku ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada ta da nauyin albashi.

Sashe na 162 na kundin ya tanadi Asusun Haɗin Gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason tarayya ke sauka kafin a raba. A nan ake cire albashin malaman firamare da kuɗin fansho da na horar da ma'aikata da kason masarautu, da kuma kuɗin ayyukan da jiha ta ce na haɗin gwiwa ne. Abin da ya rage bayan an biya albashin ma'aikatan sakatariya shi ne kwamitin kuɗi ke zama a kansa. Don haka sau da yawa shawarar gina kwalbati ko barinsa an riga an yanke ta a babban birnin jiha tun kafin a buɗe fayil.

Ikon jiha bai tsaya ga kuɗi ba. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, kuma gwamnoni sun daɗe suna maye gurbin zaɓaɓɓu da kantomomi. A Jihar Katsina an rushe zaɓaɓɓun majalisu a 2015, a watan Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa rushewar ta saɓa wa tsarin mulki, kuma sai a 2022 aka sake yin zaɓe. A tsawon waɗannan shekaru babu zaɓaɓɓen kansilan da za a kai wa kuka.

An yi yunƙurin gyara sau biyu a kwanan nan. A 2019 hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi ta ƙasa ta ƙayyade cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana. Sai kuma ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta umarci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta riƙon kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa. Ko da an aiwatar da shi cif, tambaya ɗaya za ta rage: idan kuɗin ya iso sakatariya, wa zai san abin da aka yanke a kansa?

7.0 Harshen Tattaunawa da Harshen Takarda

A nan ne batun ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Kusan duk tattaunawar da aka bayyana a sama da Hausa ake yin ta, tun daga zauren mai unguwa har zuwa muhawarar kansiloli. Amma takardar koke da ƙiyasin injiniya da kasafin kuɗi da bayanin zaman kwamiti da dokokin cikin gida, da Ingilishi ake rubuta su. Abin da aka faɗa yana tafiya da iska, abin da aka rubuta shi ne ke zama hujja, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba za su iya karanta shi ba.

Abin mamaki shi ne En'e, wadda aka zarga da danniya, da Hausa take gudanar da yawancin rubuce-rubucenta, majalisar Arewa ma tana amfani da Hausa tare da Ingilishi. A yau Sashe na 55 ya ambaci Hausa cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su, Sashe na 97 ya ba majalisun jihohi damar ƙara wani harshen jiha bisa ƙuduri, kuma babu wani sashe da ya wajabta wa ƙaramar hukuma Ingilishi. Al'adar aiki ce kawai ta kafa shi.

Kalmomin da jama'a ke amfani da su ma suna ɗauke da tarihin wannan tafiya. Ma'aji da baitulmali gadon tsohon tsari ne. Ciyaman da kansila da bauca da fayil aro ne daga Ingilishi da suka zauna daram a bakin Bahaushe. Kantoma a asali sunan Baturen da ke kula da bariki ne, sai ga shi ya dawo yana nufin wanda gwamna ya naɗa ba tare da zaɓe ba. Kansila mai gafaka kuwa ƙirƙirar Hausawa ce, wadda ta ɗauko jakar malami ta ba mai riƙe da sashe. Wannan ya nuna harshen yana da abin da zai ɗauki nauyin aikin. Abin da ya rage shi ne daidaita kalmomin kasafi da na kwangila da na binciken kuɗi, aikin da sassan Hausa na jami'o'i suka fi kowa cancantar yi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa shawara a ƙaramar hukuma tana ratsa hannuwa da yawa: mai unguwa, kansila, injiniya, kwamitin kuɗi, ma'aikatar jiha, Ma'aji da mai bincike. Wurare biyu da suka fi tasiri, wato kwamitin kuɗi da asusun haɗin gwiwa, su ne jama'a ba sa gani. Hukuncin 2024 ya tunkari na biyun. Na farkon kuwa gyaransa yana hannun ƙaramar hukumar kanta, kuma ba ya buƙatar sauya kundin tsarin mulki. Ana iya fassara kasafin kuɗin shekara da taƙaitaccen bayanin kowane zaman kwamiti zuwa Hausa, da boko da ajami, a manna a sakatariya da ƙofar hakimi, a kuma karanta a rediyo. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta riga ta kafa ƙa'idar cewa ɗan ƙasa na da haƙƙin ganin takardun gwamnati. Ranar da dattawan unguwar da suka rubuta koke za su iya karanta inda fayil ɗinsu ya tsaya da dalilin tsayawarsa, za su san ƙofar da ya kamata su ƙwanƙwasa kafin wata daminar ta zo.